Aron Kunne

Ni ke raba wasiƙu a wannan gefe na Donegal,
inda kwalta ke ƙarewa, teku ta karɓa.
Ran Talata ambulan ɗin Manus ya iso,
ba nauyi, sai ɗan kukan ƙarfe in an girgiza.
Na miƙa zan juya, ya kamo hannun rigata:
“Eithne, ara mini kunnenki na awa guda.
Nawa, injin jirgin kamun kifi ya cinye su.”

Kicin ɗinsa na warin hayaƙin ƙasar fadama,
wadda muke yankawa kamar tubali mu hura wuta.
Mandalin na kwance rigingine a kan tebur,
ba ƙaramin nan mai tsiwa ba,
wansa ne, dogon wuya, murya can cikin ƙirji,
tsirkiya takwas, tagwaye gida huɗu,
duk iskar gishiri ta lashe su sun yi ja.

Bai kwance su gaba ɗaya ba.
“Ka sauke wa jaki kaya duka, sai ya bar wurinsa,”
yana nuna ɗan itacen da ke goye da su.
Ɗaya ta fita, ɗaya ta shiga.
Ya saƙala madauki a wutsiya,
ya ja ta bisa wuya, ya zura a ramin maɗauri,
zagaye uku, ya datse saura da filaya.
Bakin waya ya soke shi a babban yatsa,
ya tsotse jinin, bai ce uffan ba.

Sai aikina.
Yana murɗawa, ina saurare.
Tagwayen farko na ta gardama,
kamar ƙudan zuma biyu a kwalba ɗaya.
“Ƙara kaɗan.” Rawar ta ragu.
“Kaɗan kuma.” Ta yi tsawo, ta yi kasala,
ta kwanta.
Biyu suka zama ɗaya, har tsigar jikina ta tashi.

Bai gama yarda da ni ba.
Ya sunkuya ya kafa haƙora a kan itacen,
ya kaɗa, ya lumshe ido.
Ta ƙashi yake ji yanzu, ta muƙamuƙi.
Sai a nan na ga sawun cizo
jere a kan fenti, na shekara da shekaru.

Sabuwar tsirkiya ba ta da alkawari:
ka ɗaure ta yanzu, kafin shayi ya huce ta saki.
Sau huɗu muna komawa farko.
Ruwa ya bugi taga, ya wuce, ya dawo.
Wasiƙun mutane na jira a mota.

Ta takwas, siririyar, ta kai gab da mazauninta,
ya ƙara rabin murɗa, sai tas!
Ta nannaɗe kamar gashin tunkiya.
Ya zazzage ambulan, babu wata.
Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yi dariya:
“Wadda ta rasa ’yar’uwa ma ai tana da baki.”

Ya ɗauki ɗan ƙahonsa mai kama da farce.
Ƙasa, sama, ƙasa; ƙasa, sama, ƙasa,
jigi mai taku shida
da ya tsinta wurin wani mai goge ɗan tsibiri,
sunan kiɗan ya ɓace, yatsu ne ba su manta ba.
Manyan tsirkiyoyi na gurnani kamar igiyar ruwa a kogo,
ta bakwai na tafe a sama ita kaɗai,
ba mai rufa mata asiri in ta yi tuntuɓe.
Dugadugansa na dukan daɓe. Kare ya ɗaga kunne ɗaya.
Daga nan ya gangara cikin wani mai jan ƙafa,
na waɗanda suka haye ruwa tonon dankali
ba su aiko ko layi biyu ba.
Wannan kam na san shi: ƙofofinsu nake wucewa kullum.

Ya tsaya. “Yaya kika ji?”
Na ce tagwaye na uku sun soma faɗa.
“Me?”
Na ɗaga murya. Ya gyaɗa kai, yana cika wata takardar oda.

Duhu ya yi kafin in kai gidan Nuala.
Ta karɓi takardar kuɗin wutarta a jiƙe,
ta ce wane irin aiki ne wannan,
kuma me nake ta bugawa da yatsa a jikin ƙofarta.